Tukunyar 'Yar Mero

Zariya,
14 ga Maris, 1960.

Zuwa ga baiwata Asama'u, ɗiyar Gwaggo Dela, a Kende.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya kamar yadda nake a nan. Ya azumi? Ya Gwaggo da ƙafar nan tata? Ki durƙusa ki gaishe min da ita, ki ce marayan da ta goya bai manta da tuwonta ba. Ki gaida mijinki Ango, ki ce har yanzu ina yi masa jajen zama da mace mai baki irin naki.

Ɗanmusa mai fataucin kifin banda ya ce min kin gama ajin yaƙi da jahilci, har an ba ki takarda. Allah mai iko! To, tun da kina karatu da kanki, na huta da kai wasiƙata gaban wani ya karanta wa duk unguwa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Tare da takardar nan Ɗanmusa zai sauke muku buhu guda. Kada ki ga shinkafa ki ɗora tukunya, don na san halinki. Iri ne, sabo fil, daga gonar gwaji ta makarantarmu ta aikin gona. Asama'u, da idona na gan ta. Gajeruwa ce, ba ta wuce ƙugu ba, amma zangarniyarta har sunkuyawa take don nauyi. Fara ce tas. Inda jar shinkafarku 'yar Mero ke ba ku buhu goma, wannan sai ta ba ku talatin.

Na san abin da Gwaggo za ta ce. Za ta ce jar shinkafar nan uwarta Mero ta bar mata, ita take liƙewa a tukunya da toka da yumɓu kowace kaka, kuma gonarmu ta bakin gulbi ba ta san wani iri ba. Ki lallashe ta. Bana ƙasarmu za ta karɓi mulkin kanta, komai na sakewa. A nan duk wanda ka tarar maganar gobe yake yi, babu mai maganar jiya. Me zai sa gidanmu ya tsaya inda kaka ta bar shi? Ina so Ango ya watsa irin nan a gonar duka, daga gindin tudu har bakin gulbi. Da kaka zan zo in tarar ana gina sabon rumbu, ke kuma kina neman gafarata kan duk zagin da kika yi wa karatuna.

Ubangidanki,
Bunyaminu.

Kende,
9 ga Afrilu, 1960.

Zuwa ga bawana Bunyaminu.

Gaisuwa da fatan an yi salla lafiya. Mu duka lafiya lau, sai nauyin jiki da nake fama da shi, in Allah ya yarda cikin damina zan sauka. Inna ta amsa gaisuwarka. Ƙafa kam tana nan yadda ka san ta, daga ɗaki sai bakin ƙofa. Ango ya ce a gaya maka ya gode da jaje, amma kai ya kamata a yi wa, da ka kai wanga lokaci ba ka samu mai zaginka a gida ba.

Ubangida kuma? Kai da na sha goya maka baya in an kama ka da satar gumin shinkafar Inna! Ka ga hannun rubutuna, ka ce bai fi naka kyau ba, in kana tsoron Allah.

Buhu ya iso. Ango ya kwance shi a tsakar gida, maƙwabta suka taru suna dubawa. Ya tauna ƙwara ɗaya ya ce wallahi wagga shinkafar sarakuna ce. Tun ranar bai da wata magana sai ta buhu talatin, har ya auna inda za a kafa rumbun.

Inna kuwa da aka kai mata a tafin hannu, ta juya ta, ta shinshina, ta ce, "Kyau kam akwai. Ta san ruwa?" Na ce, "Inna, a makaranta fa aka gwada ta." Ta ce, "Ban tambaye ki makaranta ba. Gonarmu ta fi ta kowa zurfi a fadamar nan, shi ya sa babu mai shuka 'yar Mero sai mu. In gulbi ya tashi kamu ɗaya, ita ma ta tashi kamu ɗaya, har ruwa ya shanye mutum tsaye kanta na sama, mu bi ta da jirgi mu girbe. Shi wanga gajeren abu, in ruwa ya zo ina zai sa kansa?" Ango ya yi dariya ya ce tsofaffi ba su son sabon abu. Ta ce, "Gona a hannunka take, kai ke noma. Tukunyata dai kada a taɓa."

Ni ina bayanka, Bunyaminu, don na gaji da ganin rumbunmu na ƙarewa kafin damina ta raba. Amma tambayar Inna ta tsaya min a rai. Ka tambayi malamanku, shinkafar nan tana jure ruwa mai zurfi? Ka aiko da amsa kafin ruwan shuka ya sauka. In ba mu ji komai ba, za mu ɗauka babu damuwa.

Uwarɗakinka,
Asama'u.

Kende,
21 ga Agusta, 1960.

Zuwa ga bawana Bunyaminu.

Bayan gaisuwa. Wata huɗu ba takarda, ko Zariya ta ƙare da tawada? Ɗanmusa ya ce ya gan ka lafiyarka ƙalau, ka ce aiki ya yi maka yawa. To, shiru ma magana ce. Da ruwa ya sauka Ango ya watsa irinka a gonar duka, kamar yadda ka ce.

Albishirinka. Na sauka lafiya, mace, an sa mata Mariya. Hancinka ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri.

Gona kuwa sai ka gani. Kore shar, a jere, ba tsayi ba gajarta. Mutanen da ke wucewa kasuwar Bagudo har ratsewa suke su tsaya kallo. Ruwa ya fara shiga, yanzu yana idon sawu, ita kuwa sai ƙara kyau take.

Akwai abin da na yi, ban da wanda zan gaya wa sai kai. Ka san suna ya faɗo a tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, ga dangin Ango sun zo tun daga Kamba. Ranar jajibirin suna aka zo aka ce min babu shinkafar da za ta ishi baƙi. Na kwanta ina tunanin kunyar da za mu sha. Sai na ce a raina, ga tukunyar iri can a rufe, bana ba a shuka ta ba, baɗi ma ba za a shuka ba, nan da wata uku shinkafa za ta yi mana yawa. Na kira matan da ke aiki na ce su fasa liƙin, kada su gaya wa Inna. Aka cashe ta duka, aka dafa.

Ni na manta da wa nake wasa. Da aka kai wa Inna akushinta ina zaune kusa da ita da jaririya. Ta kai loma ɗaya baki, ta tsaya. Ba ta haɗiye ba, ba ta tofar ba, ta daɗe haka. Sannan ta haɗiye, ta wanke hannu, ta tura wa jikokin maƙwabta akushin ta ce, "Ku ci da kyau, ku ji ɗanɗanonta, don ku ba da labari." Ba ta ce min komai ba, har yau. Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ina ta gaya wa kaina ranar da ta ga buhu talatin za ta huce. Ka rubuto ka ce min haka ne, ko na samu barci.

Asama'u.

Kende,
6 ga Oktoba, 1960.

Bunyaminu,

Muna lafiya, Mariya na lafiya. Gona ta tafi.

Gulbi ya taso tun makon jiya, bai fi na kowace shekara ba, kada ka ce ruwan bana ne ya yi yawa. Ya kai gwiwa, shinkafa na tsaye. Ya kai ƙugu, ta tsaya tana kallonsa, ba ta ƙaru ko ɗan yatsa ba. Ranar Asabar, ana can Bagudo ana kaɗe-kaɗen mulkin kai, muna jiyo ganguna daga nan, Ango ya ari jirgin sarkawa ya shiga gonar. Ya ce ya yi ta caka gora yana jawo ruɓaɓɓen ganye. Babu abin da ya tsira sai ɗan siririn layi a gindin tudu, inda ruwa bai wuce ƙwauri ba. Ya dawo ya zauna a zaure, ko ruwa bai sha ba.

Gonakin maƙwabta na nan, don nasu ba zurfi kuma irinsu na da suka shuka. Mu kaɗai ne. Kuma ka sani, ba bana kaɗai muka rasa ba. Babu abin da ke rayuwa a zurfin nan sai 'yar Mero, ga shi na dafa ta wa baƙi. Na bi gida gida a Kende, na aika Kurgu, babu mai ko ƙwara.

Ban rubuto don in zage ka ba. Tambaya na yi maka tun Afrilu. Ina son amsarta.

Asama'u.

Zariya,
17 ga Janairu, 1961.

Zuwa ga Asama'u.

Ina gaishe ki, ina gaida Ango, ina yi muku barka da Mariya, barkar da ta makara wata biyar. Gwaggo kuwa ban san da wane baki zan gaishe ta ba.

Wasiƙunki duka sun same ni. Ta ƙarshe na karanta ta sau ɗaya na sa a akwati, na yi wata uku ina kewaya akwatin. Yau na buɗe. A ƙarƙashinta akwai wata takarda, ga ta nan na haɗo miki. Ki duba kwanan watan da ke kanta: uku ga Mayu.

Na yi tambayar da kika ce. Malaminmu bai ɓoye min komai ba. Ya ce irin nan na wurin da mutum ke iya tare ruwa ne, in ya wuce gwiwa ya daɗe, ta mutu. Har ya tambaye ni zurfin gonarmu, na ce masa ba wani zurfi. A ranar na zauna na rubuta muku cewa kada ku watsa shi sai a gindin tudu, sauran ku shuka 'yar Mero. Na naɗe takardar. Sai na tuna da bakin da na cika, na ga Ango na kwance buhu gaban maƙwabta, na ji dariyar da za ki yi min. Na ce bari sai Ɗanmusa ya sake zagayowa. Da ya zo na ce ai wataƙila bana ruwan ba zai yi yawa ba. Na ce wataƙila malamin ya faɗi ne don tsantseni. Na ce Allah ba zai kunyata mai kyakkyawar niyya ba. Kullum da wataƙilar da nake samu in lulluɓa, har lokacin shuka ya wuce. Ina kiran abin kyakkyawan zato, ashe tsoron kunya ne.

Ni na ja ruwa, ku ya doka. Matar da ta goye ni da bayanta, ta hana kanta ta ba ni, ni na raba ta da abu ɗaya da uwarta ta bar mata.

Na yanke shawara. Zan bar makarantar nan. Mutumin da ya yi shekara biyu yana karatun gona ya kashe gonar gidansu, me zai koya wa wani? An ce ana ɗaukar leburori a Kaduna, can zan tafi, abin da na samu in riƙa aiko muku. Kende kuwa ba zan sake taka ta ba. Duk abin da na taɓa lalacewa yake, gara in yi nisa. Kada ki wahalar da kanki da amsa.

Bunyaminu.

Kende,
20 ga Fabrairu, 1961.

Bunyaminu,

Ya azumi? Muna nan da rai. Mun sayar da awaki biyu, Ango na bin sarkawa kamun kifi, dangi na taimaka mana da dawa. Ba mu ƙoshi, amma ba mu kwana da yunwa.

Na karanta takardarka ta uku ga Mayu, na yi kuka, na tashi na zage ka tas, har Ango ya leƙo ya ga da wa nake faɗa. Kwana uku ban iya kallon ta ba. Ka cuce mu, Bunyaminu, ba zan ce maka ba komai ba. Amma ba kai ka fasa liƙin tukunya ba. Ni na ga hadari na zubar da ruwan tuluna, wannan nawa ne, kada ka haɗa da naka don kayanka ya yi girma.

Sauran maganarka kuwa shirme ce. Bara ka ce komai zai yi kyau, ba ka duba ba. Bana ka ce komai ya lalace, nan ma ba ka duba ba. Kai wane irin mutum ne da ba ka iya tsayawa ka dubi abu yadda yake? In ka tafi Kaduna ɗaukar kaya, gonar ta dawo? Gudu ne kawai, irin wanda ka yi da takardar nan, sai dai wanga karon ka sa masa rigar tuba. To, bari in gaya maka abin da ba ka tambaya ba. Layin nan na gindin tudu da ya tsira, taki goma sha biyu ne faɗinsa, Ango ya girbe buhu biyu da rabi a ciki. Bai taɓa ganin irin haka ba. Shinkafarka ba ƙarya ba ce, wurin da ba nata ba aka kai ta.

Na karanta wa Inna wasiƙarka, ban rage komai ba. Ta ce, "Yaron banza, da ya aiko ai da na yi masa dariyar kwana ɗaya, shi ke nan." Can kuma ta ce in matso. Ta ce a gidan Mero ba a kai ɗiya ɗakin miji sai an ƙulle mata tafi ɗaya na iri a bakin zane. Ita an ƙulle mata. Ƙanwarta Fadimatu ma an ƙulle mata, ranar da aka sa ta a jirgi aka kai ta Madakali, can ƙasar Dahome, shekara talatin da wani abu ke nan. Tun rasuwar babanka ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ko tana da rai, ko ta shuka, ko ta dafa wa baƙi irin wata, Inna ta ce ba ta sani ba. Ta ce ba ta yi wa kowa alkawari ba, amma wanda bai je ba bai da bakin cewa babu.

Ango ba zai iya barin kamun kifi ba, da shi muke ci. Kai ke da hutu bayan salla, kai kuma ka san yadda ake gane irin da ke da rai. Karatun naka ya yi mana rana sau ɗaya mana.

Ka biyo ta gida tukuna. Inna na tari tun sanyin nan, ta rame, tana yawan tambayar ka. Ka fara zuwa ta gan ka, sannan ka wuce.

Asama'u.

Madakali,
11 ga Afrilu, 1961.

Zuwa ga Asama'u.

Gaisuwa mai yawa gare ki da Ango da Mariya. Ya jikin Gwaggo? Ina fata tarin ya tafi da sanyi. Wani mai jirgi da ke sauka Lolo zai ba da takardar nan a kawo miki.

Kada ki yi fushi, ban biyo ta gida ba. Na kasa. Na rantse ba zan tsaya gaban Gwaggo hannu rabbana ba, sai na bi ta Kamba na tsallaka. A bakin iyaka suka tambaye ni takarda da Faransanci, na ce gidan gwaggota za ni, wani tsoho a cikinsu ya yi dariya ya ce duk wanda ya zo nan gidan gwaggonsa za shi, ya bar ni na wuce.

Gwaggo Fadimatu ta rasu shekara shida da suka wuce, Allah ya jiƙanta. Na sami ɗanta Lauwali, magidanci, Dendanci ya fi Hausa a bakinsa, amma da na ambaci Mero sai ya rungume ni yana kuka. Sun san shinkafar, suna ce mata ta Inna, wato ta Gwaggo Fadimatu. Sun bar shuka ta shekara biyu ke nan, tun da suka sayar da gonarsu mai zurfi. Na miƙe zan yi sallama. Sai matarsa ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar gora da aka toshe da tsumma, ta ce surukarta ta hana a bar gidan babu ita, shi ya sa ta ajiye daga girbin ƙarshe. Bai cika mudu ba, kuma ya gauraye da wani iri.

Da a bara ne da na aiko miki cewa an samu, a buga guɗa. Wannan karon na ce sai na gani. Na tsince ƙwara ɗari jajaye, na jera a jiƙaƙƙen ƙyalle, na naɗe, na ajiye a inuwa ina yayyafa ruwa safe da yamma. Kwana tara na zauna ina jira. Jiya na buɗe na ƙirga sau uku. Ashirin da uku suka tsiro.

Ga gaskiyar magana. Irin ya tsufa, kashi uku cikin huɗu ya mutu. Abin da ya rage ba zai shuka gonar ba bana, baɗi ma ba zai cika ta ba. Ba za mu watsa shi ba. Za mu raine shi a ɗan fili kusa da gida, mu dasa da hannu ɗaya bayan ɗaya a kusurwar da ruwa ke shiga a hankali, abin da aka girbe kada a ci ko ƙwara. In Allah ya kiyaye mu daga tsuntsu da kifi, shekara ta uku gonar ta koma yadda take. Zai iya ƙin yi. Amma na fi zaton zai yi, kuma wannan karon na san dalilin zatona. Farar kuwa a bar ta a gindin tudu, ita za ta riƙe mu kafin nan. Makaranta zan koma in ƙarasa, kin yi gaskiya.

Zan ƙara kwana shida ina tsince jajayen daga cikin gaurayen, sannan in biyo jirgin ranar kasuwa. Ki gaya wa Gwaggo ina tafe da 'yar Mero. Ki ce ta tanadi dariyar da ta ce za ta yi min, zan durƙusa in karɓa.

Bunyaminu.

Kende,
15 ga Afrilu, 1961.

Bunyaminu,

Na roƙi mai jirgin ya koma da wagga takarda hannunka, don kada ka ji a bakin mutane a hanya.

Inna ta rasu ranar Juma'a, bakwai ga wata, bayan an sauko daga masallaci. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An kai ta kusa da Mero. Na zauna na lissafa da takardarka a hannu: ranar kana kwana na shida da naɗe ƙyallenka, tsakaninka da ita tafiyar yini biyu a jirgi.

Na ce maka ka biyo ta gida. Da hannuna na rubuta ta rame, tana tambayar ka. Ka karanta ka ɗauka tarin sanyi ne, don haka ka fi so ya zama. Ni ma da laifina, da na rubuta maka ƙarara cewa Inna tafiya take, amma na ji tsoron sa wa takarda abin da bakina ya ƙi faɗa. Ina jin haushinka, ina jin haushin kaina, ban san wanda ya fi ba. Wanga ciwo ba mai warkewa ba ne, sai dai mu iya zama da shi.

Ba ta tafi da kai a rai ba, wannan na rantse maka. Ranar Laraba ta ce min, "In yaron nan ya rubuto, ki ce ya zo da iri, ko ya zo babu iri, ya dai zo. Ni ba shinkafa na goya ba." Ni ma na samu na durƙusa na roƙe ta gafarar tukunya. Ta ce ta yafe tun ranar suna, shirun da ta yi na kada ta yi kuka gaban baƙi ne, ni kuma na yi wata takwas ina fassara shi da fushi.

Ranar Alhamis ta sa aka ɗauko mata tukunyar. Tun da aka fasa liƙinta take yashe bayan rumbu, kaji na kwana ciki. Ta sa na wanke ta a gabanta, na kife ta a rana, ta aiki Ango ya ɗebo yumɓu a bakin gulbi, ta sa na tankaɗe toka na ƙulle. Ta nuna min yadda ake jera toka da iri, da kaurin liƙin, ta sa na maimaita har sau biyu. Na ce, "Inna, ba mu fa san ko zai samo ba." Ta ce, "Ban ce zai samo ba. In ya samo, ya tarar da tukunya a shirye. In bai samo ba, me kika rasa? Kin wanke tukunya."

Na karanta wa Ango lissafinka na ashirin da uku. Ya ce ya yarda, ya riga ya fara share filin rainon a bayan gida, zai kewaye shi da ƙaya saboda awakin maƙwabta. Shekara uku ba ta kashe mutum. Kafin Mariya ta isa ɗakin miji akwai abin ƙulle mata a bakin zane, in Allah ya so.

Ka bar tsince-tsincen nan haka, ka kawo shi a gauraye, ni da kai mu zauna a tabarmar Inna mu tsince. Kada ka ƙara kwana ko ɗaya kana jiran sai ka cancanci zuwa gida. Ka riƙe gorar da kyau a jirgi, kada ruwa ya taɓa ta.

Tukunya ta bushe, bawana. Ka zo.

Uwarɗakinka,
Asama'u.